Ƙafafun Sufeto

Asabar, sha ɗaya na safe

Likitar dabbobi ce ta ce in sayi littafin nan. Ta ce duk lokacin da Sufeto ya kama gwaguyar ƙafarsa in rubuta rana da lokaci, da inda ya taka, da abin da ya ci. To ga shi na saya, ni da ko rajistar ajina sai shugabar makaranta ta bi ni da masifa nake cikewa.

Ba ƙazuwa ba ce, ba kaska ba, ba ƙuma ba. Ta kankari fatarsa ta duba a na'ura, ta ce tsaf yake. Wai jikinsa ne ba ya shiri da wani abu da yake takawa a waje, kamar yadda mutum ke yin borin jini. Ta tambaye ni me ya canza a gidanmu cikin watannin nan. Na ce komai. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "A ƙasa nake nufi, malama. Abin da ƙafa ke takawa." Sai na tuna da sabuwar ciyawar ado da Yaya ya shimfiɗa a bayan lambu, wadda yanzu ta fara fid da kai.

Dokoki uku ta ba ni: kada ya taka ciyawar, a wanke masa ƙafa huɗu da ruwa zalla a goge tsakanin yatsu, sai ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ta kuma ɗaura masa kwalar roba a wuya don kada bakinsa ya kai ƙafa.

Shekararsa tara a gidan nan, ko tari bai taɓa yi ba. Baba ne ya kawo shi a kwali yana ɗan kwikwiyo, shi ya raɗa masa Sufeto, don kowace safiya sai ya bi layukan dashen lambunmu ɗaya bayan ɗaya yana shinshina ledoji kamar wanda aka turo bincike. Yau ga Sufeto da mazurari a wuya yana cin karo da ƙafar kujera. Na yi dariya, daga baya na ji haushin kaina.

Asabar, biyar na yamma

Na tara su na karanta musu dokokin. Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Yanzu kare ma ya fara zaɓen ciyawa? Gobe sai ya ce a sayo masa takalmi." Na ce ba wasa nake ba, ranakun makaranta ba na gida daga bakwai zuwa uku, wa zai tsare shi a simintin tsakar gida? Sai ya bar dariyar. Ya ce, "Haba Auta, karen Baba ne fa. Je ki aikinki. Amanarsa na wuyana, ko bakin lambu ba zai leƙa ba." Umma tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na ji daɗi wallahi. Tun da lambun ya koma hannun Yaya ba mu yi magana mai tsawon haka ba tare da ɗayanmu ya tashi a fusace ba.

Lahadi, shida na safe

Ya je ƙofar ɗakin Baba ya zauna, ya yi ɗan kukan nan nasa. Wata uku ke nan tun rasuwar Baba bai fasa ba. Shida ce lokacin fitarsu zagaye. Bai taɓa ƙafa ba.

Lahadi, bakwai na yamma

Sau biyu kawai ya nemi lasa. Jan da ke tsakanin yatsu ya fara dusashewa.

Litinin, huɗu na yamma

Tabɗijam. Ƙafafun gaba sun yi ja zur, gashin ya jiƙe sharkaf da yawu. Ta yaya bakinsa ya kai, ga kwala a wuya? Yaya ya ce kare ne, ya fi ni dabara.

Talata, huɗu na yamma

Haka dai. Na canza sabulun da ake wanke tsakar gida da shi.

Laraba, huɗu da rabi

Haka dai. Na hana a ba shi ragowar abinci. Yana goga ciki a siminti yana nishi, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Alhamis, uku da kwata

Na dawo na tarar da Umma a tsugune da buta, tana zuba masa ruwa a ƙafa, tana bin tsakanin yatsunsa da tsumma. Umma! Wadda ko gefen zaninta ya goga sai ta je ta canza. Ta gan ni ta ɗan razana, ta ce, "Na ga ba ki dawo ba ne, na ce bari in rage miki." Na ce Allah Ya saka. Na shige ɗaki na yi ɗan kukana, don na ga ashe ba ni kaɗai ba ce.

Asabar, shida na yamma

Wuni guda muna tare. Sau ɗaya ya nemi lasa. Ya yi barci har da minshari.

Lahadi, shida na yamma

Lafiya lau. Ƙila sabulun ne.

Litinin, huɗu na yamma

Ya dawo. Duka huɗun, har da ciki da hammata.

Talata, huɗu na yamma

Jini a ƙafar hagu ta gaba.

Laraba, shida na yamma

Na mayar da shi wurin likita, na miƙa mata littafin. Ta karanta a tsaye, ta koma baya, ta sake karantawa, sannan ta ɗauki biro ta ja layi ƙarƙashin wasu ranaku. Ta ce, "Karen nan naki hutun ƙarshen mako yake yi?" Na ce ban gane ba. Ta juyo min da shafin. "Asabar da Lahadi lafiya, Litinin zuwa Juma'a ciwo. Malama, ciyawa ba ta san Asabar ba. In kina gida ba ya takawa, in ba kya nan yana takawa."

Raina ya ɓaci. Na ce yayana ne ke tsare shi, kuma ya ɗauki amana, kuma mahaifiyarmu da kanta take wanke masa ƙafa. Na faɗa da ƙarfi har mai kyanwar da ke jiran layi ta waiwayo. Likitar ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To. Ni dai dabba na karanta." Ta ɗaure ƙafar da bandeji, ta ƙara magani.

Wannan mata akwai baƙar magana. Me ta sani game da gidanmu?

Alhamis, tara na safe, a aji

Na rubuta ranar jiya a allo, sai da yara suka gyara min.

Alhamis, biyu na rana

Na ce wa shugaba kaina ke ciwo, ta sallame ni ƙarfe sha ɗaya. Ban bi ta ƙofar gida ba, na zaga ta baya, ta wajen da shingen lambu ya faɗi tun damina.

Yana nan. A tsakiyar ciyawar, ɗaure da sarƙa a jikin turke, rana na dukansa. An cire kwalar an rataye a hannun baro. Ya yage bandejin, ya sa ƙafar a baki yana taunawa kamar ba tasa ba. Da ya gan ni ya tashi yana kaɗa wutsiya da ƙafa uku. Turken ma ba na yau ba ne, ƙasar gindinsa ta daddale, ciyawar kewaye duk ta kwanta.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Yaya ya taho da tiyo a hannu, ruwa na zuba a takalminsa. Ko kunya babu. Ya ce awakin maƙwabta sun cinye masa layi biyu, ciyawar ta kwangila ce, in ba a ɗaure kare a nan ba wa zai kore su? Na ce ka gyara shingen mana! Ya ce sati mai zuwa. Na ce kwalar fa? Ya ce da ita a wuya awakin ba sa tsoronsa. Na ce ina amanar da ke wuyanka? Ya ce, "Auta, ki bar mayar da kare mutum. Baba ma don awaki ya kawo shi. Ma'aikaci ne, ba ɗan gida ba."

Na kwance shi na sungume shi, duk nauyinsa. A tsakar gida na ga Umma, ga buta cike a gefenta, ga tsumma, tana jiran ƙarfe uku saura. A nan na gane wankin na mene ne. Tsabar ciyawar take cirewa daga tsakanin yatsunsa kafin in dawo in gani. Na ce, "Umma, har da ke?" Ta ce, "Ba na son ku yi faɗa ne." Ni da na shiga ɗaki na yi kukan godiya!

Kuma jiya na tsaya a gaban likita, baƙuwar mata, na yi rantsuwa a kansu.

Juma'a, shida na safe

Kuka a ƙofar Baba. Na kulle shi a ɗakina na tafi da makulli.

Asabar, goma na safe

Ƙafar hagu ta kumbura, tana fid da ruwa mai wari. Allura biyu. Likita ba ta tuna min da maganarta ba. Na gode mata a raina.

Lahadi, biyar na yamma

Ba na magana da kowa. Ina dafa nawa, ina ci a ɗaki. Umma ta ajiye min shayi a bakin ƙofa, ya huce a nan.

Litinin, sha biyu na rana

Na roƙi kwana biyu a makaranta, an ba ni da ƙyar, don jibi za a fara jarrabawa. Na fito da shi baranda ya sha iska, sai ga wata mata ta zo sayen dashen fure da 'yarta. Tana ganinsa ta fizge yarinyar, ta ce, "Subhanallahi, wannan ai ƙazuwa ce!" Na ce ba ya yaɗuwa, Hajiya, ciyawa ce. Ba ta tsaya ji ba, ta bar furannin a kan tebur ta shige mota. Yaya yana tsaye yana kallo. Kallon nasa bai yi min daɗi ba.

Talata, biyar na yamma

Tun safe nake jin bugun guduma. Yaya ya gyara shingen, tsaf, aikin da bai fi na awa uku ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, hannunsa duk ƙurjewar waya, ya ce ya yi kuskure, in yafe masa. Tun muna yara ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba.

Ya ce ko an kulle Sufeto iska na kawo ƙurar ciyawar har ɗaki, kuma gaskiya ne, likita ta faɗa. Ya ce gidan Kawu, ƙanin Baba, yashi ne zalla, babu ko tsinke. A kai shi can sati biyu, kafin nan an yanke ciyawar an kai wa masu ita, sai ya dawo gidansa. Shi zai kai shi gobe da safe. Umma daga bayansa ta ce, "Ki yarda, Auta. Ki bar shi ya huta."

Na yarda. Ina da zaɓi ne? Sati guda zan yi ina tsaron jarrabawa. Na rubuta wa Kawu dokokin a takarda da manyan baƙaƙe, na ɗaure magungunan a leda.

Laraba, bakwai saura na safe

Ya ƙi shiga mota. Yaya ya ja, ya tura, Sufeto ya turje. Ba ya shiga mota sai da Baba ko da ni. Sai na shiga baya na zauna na kira shi, ya hau da ƙafa uku ya ɗora kai a cinyata. Na shafa shi har ya lumshe ido, sannan na zame ta ɗaya ƙofar na rufe. Yana kallona ta gilashi har suka sha kwana.

Laraba, biyu na rana

Dole in rubuta wannan.

Da aka fita tara na kunna waya, kira biyar daga likita. Ta ce in zo yanzu. Na bar ajin a hannun malamar lissafi na tafi.

Ba gidan Kawu suka je ba. Wurinta ya kai shi. Ya ce mun yi shawara a gida, karen ya tsufa, yana shan wahala, a yi masa allurar da ba a tashi. Ya ce ni na amince, zuciyata ce ba za ta iya zuwa ba. Ta ba shi takarda ya sa hannu, ya ce shi ma ba zai iya tsayawa kallo ba, ya tafi. Ta nuna min takardar. Hannunsa ne, da wannan ƙatuwar lanƙwasar da yake yi a ƙarshe.

Ta ce, "Sunanki ne a katinsa, ba nasa ba. Kuma ban taɓa kashe kare don ƙaiƙayi ba, ba zan fara yau ba."

Yana cikin keji a ɗakin baya, ledar magungunan na kusa da shi, takardar Kawu na ciki ba a ko buɗe ba. Na durƙusa. Ya lashi hannuna ta tsakanin ƙarafuna. Ni na kira shi cikin motar nan. Ni ya yarda da ita, shi ya sa suka bar min wannan aikin.

Ta ce zai iya kwana uku a wurinta.

Laraba, bakwai na yamma

Na fito na zauna da su cin abinci, karo na farko cikin kwana shida. Na ce, "Yaya, ya hanya?" Ya ce lafiya lau. Na ce ya Kawu? Ya ce yana gaishe ni. Na ce Sufeto fa? Ya ce ai suna isa ya yi tsalle ya sauka, ya shiga birgima a yashi, har Kawu yana dariya yana cewa wannan ne marar lafiyar? Na ce ya sha ruwa? Ya ce kwano guda. Na ce an ba Kawu takardar? Ya ce a aljihu ma ya sa ta.

Na yi ta tambaya yana ta ba ni, har da launin tabarmar da aka shimfiɗa masa. Ban san yayana ya iya haka ba. Umma tana juya cokali a faranti, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Ta ciki na ciki. Na ce Allah Ya saka da alheri, na tashi.

Alhamis, shida na safe

Shiru a ƙofar Baba.

Alhamis, huɗu na yamma

Malamar lissafi tana da ɗaki a bayan gidanta, tsakar gidan siminti ne har bakin ƙofa. Ta ce in kawo shi mu zauna a ciki, yaranta ma sun daɗe suna damunta da maganar kare. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Asabar, ɗaya na rana

Na haɗa kayana. Akwati biyu, katifa, kwanonsa. Yaya ya ga mota a ƙofa ya ce ina zuwa? Na ce, "Na ga takardar da ka sa wa hannu." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Fuskarsa ta yi wani iri, ya juya ya shige lambu.

Umma ce ta biyo ni ɗaki. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Ta ce, "Kada ki ɗora wa yayanki. Ni na ce ya kai shi."

Na zauna a kan akwati.

Ta ce, "Ke kina fita aiki, shi yana lambu, ni ce a gidan nan. Kullum ƙarfe shida sai ya je ƙofar nan ya yi kuka, ni kuma ina kwance ina sauraron ko za a buɗe. Kullum, Auta. Wata uku da rabi. Da ciwon ya zo sai na ce ƙila hanya ce Allah Ya kawo." Tana faɗa hawaye na zuba ba ta share ba.

Da ta faɗa min haka tun farko, wallahi da na kwana da shi a ɗakina, da na fita da shi tun biyar da rabi, da na yi komai. Mijinta ne, amma ni ma ubana ne, Allah Ya jiƙansa. Maimakon haka ta tsaya a bayan Yaya ta ce min in bar shi ya huta.

Maganar tana bakina, kalma biyu ce: yana raye. Na dube ta, na tuna butar nan. Na ɗauki akwatina na ce ta ba ni hanya.

Litinin, huɗu na yamma

Kumburin ya sauka. Yana taka ƙafar.

Laraba, huɗu na yamma

Bai lasa ba. An cire bandeji.

Juma'a, shida na safe

Ya tashi ya zagaya ɗakin yana neman ƙofar da zai zauna. Ya dawo ya kwanta a kan ƙafata.

Lahadi, biyar na yamma

An cire kwala. Gashi ya fara tsirowa tsakanin yatsu, laushi kamar na kwikwiyo. Kwana takwas babu ja, babu yawu.

Umma ta kira, na ɗauka a karo na huɗu. Ta ce ba ta barci. Ta ce yanzu shirun ƙarfe shida ya fi kukan ciwo. Ta ce ta ɗauki ran dabbar da ba ta yi mata komai ba, ba ta san da wane ido za ta dubi Baba ba. Ta ce, "Auta, ki yafe min, ko na samu sauƙi."

Yana kwance a gabana yana wasa da murfin roba. Yaran gidan suka buga ƙwallo a ƙofa, ya ɗaga kai ya yi haushi sau ɗaya. Na toshe wayar da tafin hannu, amma na makara.

Sannan a hankali ta ce, "Auta, mene ne wannan?"

Na ce, "Karen maƙwabta ne, Umma."